Barkono a Lagireton Alhaji Isyaku

Wani dare cikin bazara, masu kwana a saman soro a Madabo suka ji wata ƙara daga wajen filin motoci. Ta fara da fito siriri, irin na butar shayi da aka manta a kan wuta. Sai ta koma gurnani, kamar raƙumi yana kurkure baki. Daga nan ta ɗauke. Jim kaɗan atishawa ta kama lungun, gida bayan gida, har akuyoyin da ke ɗaure a ƙofar gidaje ba su tsira ba.

Kofur Jibril yana cikin waɗanda suka ji. Tsohon ɗan sanda ne, ya gama aiki bai wuce kofur ba, domin manyansa sun ce ya cika tsayawa kallon abin da ba shi aka aike shi ba. Ya yi tasa atishawar, ya gode wa Allah, ya koma barci. Amma ya adana ƙarar a ransa, yadda wasu ke adana tsofaffin ƙusoshi a gwangwani ko za su yi rana.

Lungunan Madabo ba sa cin mota. An yanke su tun lokacin da jaki da mangalarsa ne abu mafi faɗi da ke wucewa. Shi ya sa duk mai mota yake ajiye ta a wani fili da ke bakin titi, kowa da gurbinsa, Ɗalha mai gadi yana kwana da su. A nan fijon Alhaji Isyaku take zaune cikin tamfol. Alhaji Isyaku mai huluna ne a Kurmi, da ƙafa yake zuwa kasuwa, motar kuwa sai Juma'a take ganin titi. Ba ya ba da aronta ko ga ɗan'uwansa na ciki ɗaya. Bonet ɗinta ma da kwaɗo yake kulle shi. Farkon bazarar nan ya saka mata sabon lagireto, kuma amininsa na ƙuruciya, Ashafa mai gyaran lagireto, shi ya nemo shi ya ɗaura.

Kwana biyu bayan ƙarar, ran Talata, aka yi rasuwa a Gwarzo, ya zama dole dattawan lungu su je gaisuwa. Alhaji Isyaku ya yaye tamfol yana ƙunƙuni. Kofur ya shiga gaba, Ashafa da wasu dattawa biyu suka shiga baya.

Suna kusa da Goron Dutse Kofur ya nuna gaban sitiyari.

"Alhaji, allurar zafin nan tana hawa."

"Haka take yi in ta ga baƙi."

"Ta shiga ja fa."

Wani dattijo a baya ya shinshina, ya tambaya wa ya taho da tsire bai faɗa ba. Kafin a amsa masa, farin tururi ya ɓullo ta gefen bonet, duk motar ta kama atishawa. Alhaji Isyaku ya gangara gefen titi, ya buɗe kwaɗo, ya ɗaga bonet, ya kai hannu zai murɗa murfin lagireto. Ashafa ya doke hannun.

"Sai ta huce. So kake ka koma gida ba fata?"

Da tururin ya lafa, kowa ya ga abin da ke ciki. Ba sabon lagireto ba ne. Wani tsohon abu ne da tsatsa ta cinye saƙarsa, ga farin gishiri-gishiri ya bushe a gefunansa, ga ruwa ja kamar na rijiyar da aka daɗe ba a yasa ba yana ɗiga a kan kwalta. Mutane sun fara taruwa, kamar yadda suke yi duk inda aka ɗaga bonet.

Alhaji Isyaku ya daɗe yana kallo. Sannan ya juya.

"Ashafa, wannan ne sabon da ka saka mini?"

Ashafa ya sunkuya, ya shafa wuyan lagireton da ɗan yatsa, ya duba wani tabon dalma a can ƙasa. Ya miƙe a hankali. Shi mutum ne da yake iya kwana yana gardama a kan ko kunun tsamiya ya fi koko, amma ran nan bakinsa ya mutu.

"Yi magana mana. Tun ranar da ka rufe bonet ɗin nan ba wanda ya buɗe shi. Makullin yana gidana."

"Ba ni da abin cewa, Isyaku."

"To ni ina da shi. Ha'inci ne. Tare muka je makarantar allo, kuma ni ka zaɓa ka ha'inta."

A gaban mutane ya faɗa. Ashafa ya gyara hularsa, ya tare adaidaita, ya tafi. Ba a je Gwarzo ba ran nan.

A lungun akwai ciyayya. Bayan magariba kowane gida yana fito da kwanonsa: dattawa a zauren Alhaji Isyaku, matasa magidanta a tabarmarsu can ƙarƙashin dogonyaro, don kada wani ya haɗa hannu a kwano da surukinsa. Daren nan kwanon gidan Ashafa bai zo ba. Tun kafin a haifi rabin mutanen lungun ba a taɓa ganin haka ba, ko ranar da aka yi masa rasuwa. An kuma ce tuni wani ya je rumfarsa ya ɗauke lagireton da ya kai gyara.

"Gobe zan kai shi wajen mai unguwa," in ji Alhaji Isyaku, "daga nan wajen shugaban kanikawa. Su kore shi daga layin."

"In aka kore shi a shekarunsa, ina zai je?" Kofur ya tambaya.

"Da zai yi, ya yi shawara da ni?"

"Ba ni lokaci zuwa Juma'a. In ban kawo maka komai ba, ni zan raka ka."

Alhaji Isyaku ya ture kwano gefe. Tuwon ma lomar da ya yi ba ta kai a ƙirga ba.

Da safe Kofur ya je fili, inda aka jawo motar. Ya karɓi makulli, ya ɗaga bonet, ya tsuguna. Ya tara ruwan da ke ɗiga a marfin kwalba, ya shinshina, ya ɗanɗana da bakin harshe, ya tofar. Barkono ne. Wasu direbobi haka suke yi in lagireto ya fara yoyo: su zuba masa garin barkono ko ɗanyen ƙwai, ya toshe hujin na yini ɗaya, ya toshe hanyoyin ruwan na har abada. Ya duba tiyon sama. Babu zoben ƙarfen da ake matse shi da shi, da tsinken robar taya aka naɗe shi, naɗin ma a karkace. Ya duba kwaɗon. Ko ƙwarzane babu.

Ɗalha mai gadi yana zaune a kan benci yana kallonsa. Bafulatani ne, Kofur kuwa jikan Barebari, saboda haka ba su taɓa gaisawa cikin mutunci ba.

"Bawana, zo nan," in ji Kofur.

"Wa ya taɓa ganin Babarbare da bawa? Kai da kakanninka muka saya da ƙwaryar nono."

"Daren atishawa, ina kake?"

"Ina aikina."

"Me ka gani?"

"Motoci."

"Ɗalha, ana shirin korar Ashafa daga sana'arsa. In ba shi ba ne, to mai gadi ne. Zaɓi wanda zan faɗa wa mai unguwa."

Ɗalha ya waiwaya hagu da dama, ya rage murya.

"Wajen mai shayi na je. Ina dawowa na ji fito. Sai na ga wani farin abu ya miƙe tsakanin motoci, ya fi dabinon masallaci tsawo. Ba ƙafa, ba kai. Ya hura mini wani abu a ido, na kama hawaye. Kofur, ni an ɗauke ni gadin ɓarayi ne, ba a ɗauke ni gadin mutanen ɓoye ba."

"Sai ka yi ina?"

"Barandar masallaci. Ina ta karatu har kiran assalatu."

"Jarumin Fulani. Daga wane gefe abin ya miƙe?"

Ɗalha ya nuna da leɓe wajen katangar gabas, ba wajen motar Alhaji Isyaku ba.

"Nuna mini hannuwanka."

Ya nuna. Kofur ya juya su ciki da baya. Lafiya lau suke, sai kaushi. Mutumin da bai san bambancin sifana da cokali ba, ba makulli, ba tabo. Kofur ya cire shi daga lissafi.

Daga nan ya tafi rumfar Ashafa. Ya tarar da shi zaune cikin tsofaffin lagiretoci, wutar dalma a kashe, yana kallon titi.

"Sannu da hutawa."

"In Isyaku ne ya aiko ka, gaya masa na ji."

"Ni na aiko kaina. Ashafa, koya mini wani abu. Yaya ake gane lagireto yana neman gyara?"

Ashafa ya harare shi. Amma tambayar da ya fi so ke nan a duniya, bai iya haɗiye amsar ba.

"Mota tana faɗa, masu ita ne kurame. Farko za ka ga tana shan ruwa fiye da ƙa'ida, kullum sai an ƙara. Sannan ka duba inda ta kwana, za ka ga ta yi fitsarin kwance. Ruwan in ya koma ja, tsatsa ta ci ciki. In ka ga fari-fari ya bushe a jiki, nan ne hujin. Tiyo ya kumbura kamar macijin da ya haɗiyi kwaɗo. Allura ta riƙa hawa a cunkoso, ta sauka in an samu hanya. Ranar da ka ga tururi, ai ba alama ba ce kuma, sammaci ne."

"Barkono fa?"

"Wanda ya zuba wa mota barkono, a zuba masa a ido."

"Da kai maha'inci ne, kana so ka sayar da tsoho a matsayin sabo, yaya za ka yi?"

"In wanke shi da soda, in liƙe shi, in fesa masa baƙin fenti har ya yi ƙyalli. Ko uwarsa ba za ta gane shi ba."

"Na motar Alhaji ba a wanke ba, ba a fesa ba. Kuma da robar taya aka ɗaure tiyon."

"Ni in ɗaure tiyo da roba?" Ashafa ya zabura, sai kuma ya koma ya zauna.

"Na ga ka shafa wani tabon dalma jiya. Aikinka ne. Ka taɓa gyara lagireton nan, ka san mai shi."

"Lagiretocin da na gyara sun fi gashin kanka yawa."

"Sanƙo gare ni. Na wane ne?"

"Kofur, je ka sha iska."

"Za su kore ka fa."

"Su kora."

Kofur ya fito yana murmushi shi kaɗai. Ashafa bai yi ba, amma yana rufa wa wani asiri, kuma ba kowa ne zai sa ya yarda a kira shi maha'inci a bakin titi ba.

Ya koma fili da hantsi, lokacin da motoci suka watse. Ya bi gurbi gurbi yana kallon ƙasa, hannuwa a baya, kamar mai neman allurar da ta faɗi. Mota ma tana da sawu irin na dabba, in mutum yana da haƙurin dubawa. Wannan ta zubar da baƙin mai. Waccan ba ta zubar da komai ba. A gurbi na jikin katangar gabas ya tsaya. Ƙasar wurin ta rine ja, faɗin faifai, rini a kan rini, irin wanda ba ya samuwa sai an yi watanni ana ɗiga. Ya sa yatsa. A bushe take ƙamas. Ya ga wani abu kuma da ya ba shi sha'awa har ya manta da kansa na ɗan lokaci: jerin tururuwa ya taho daga gindin katanga, da ya iso bakin jan wurin sai ya karkace, ya zagaye shi, ya ci gaba. Ashe tururuwa ma ba ta son barkono.

"Bawana, wa yake ajiye mota a nan?"

"Mustafa. Mijin Sa'ida, 'yar Alhaji Isyaku."

"Wace iri ce?"

"Fijo, irin ta Alhaji, sai dai tasa ta sha duniya. Robobi yake kaiwa kasuwannin ƙauye."

"Yana ƙara mata ruwa?"

"Kullum da safe sai mai ruwa ya sauke masa jarka. Har a but ɗin motar yake tafiya da wata." Ɗalha ya sosa ƙeya. "Amma ka ga kwana biyun nan mai ruwa yana ta mita wai ya yi asarar ciniki."

Bayan magariba Kofur bai zauna a zauren dattawa ba. Ya ɗauki kwanonsa ya nufi tabarmar matasa, ya ce yau wajen masu haƙori zai ci. Aka yi dariya, aka matsa masa. Tuwon dawa ne da miyar kuka. Kowa ya wanke hannu ya zura. Mustafa, wani siriri mai sanyin magana, ya zaro cokali daga aljihu, ya riƙe shi da bakin yatsu biyu, hannun rigarsa a sauke har wuyan hannu duk da zafin da ake yi.

"Mustafa ya zama Bature," in ji wani. "Tun shekaranjiya da cokali yake cin tuwo."

"Gobe sai wuƙa da tsinke," in ji wani.

Mustafa ya yi yaƙe. Kofur ya ci gaba da cin tuwonsa har aka sha ruwa. Da aka watse ya ce masa, "Raka ni, ɗana, idona ba ya gani sosai."

Da suka sha kwana ya tsaya.

"Mu ga hannun."

"Baba Kofur…"

"Mu gani."

Mustafa ya naɗe hannun riga. Tafin da wuyan hannun sun saɓule, an shafa musu zuma an naɗe da tsumma.

"Ruwan zafi da barkono," in ji Kofur. "Kuma da wannan hannun ka kwance lagireto biyu ka ɗaura biyu. Gobe ka je a wanke maka shi a asibiti, zuma ba za ta iya ba. Yanzu gaya mini dalili."

Mustafa ya durƙusa a nan cikin lungu. Maganar ta fito a gutsure. Sa'ida ta shiga watanta, kuma na fari ne. Likita ta ce jininta yana hawa, ko da wane lokaci abu ya motsa a kawo ta ba jira. Cikin dare ba a samun adaidaita. Motarsa kuwa ta kai ba ta iya fita ganuwa sai ta tafasa. Ya kai wa Baba Ashafa, ya ce barkono ya kashe lagireton, sai dai sabo, sabon kuwa sai ƙarshen wata zai iya. Ga na surukinsa yana kwance cikin tamfol ba ya aikin komai. Ya yi niyyar ya mayar kafin Juma'a, ya sake ɗauka bayan Juma'a, haka har Allah ya sauke ta lafiya. Bai san za a yi rasuwa a Gwarzo ba.

"Me ya hana ka tambaye shi?"

Mustafa ya ɗago ya dube shi kamar ya ce masa ya tuɓe a kasuwa.

"In ce masa me, Baba? In tsaya gabansa in ambaci abin da ke jikin 'yarsa?"

"To da ka ji abin da ya samu Ashafa fa?"

"A daren na je gidansa. Ya ce in na buɗe baki shi da ni har abada. Wai in hankalin Sa'ida ya tashi a wannan halin, wa zai ɗauki alhaki? Ya ce shi tsoho ne, sunansa zai iya jira."

"Sunan tsoho ne ba ya jira. Tashi mu je. Ba sai ka yi magana ba, ni zan zama bakinka."

Dattawa ba su tashi ba tukuna. Ɗalha ma ya leƙo karɓar sauran tuwo kamar kullum. Mustafa ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa a bakin ƙofar zaure, kansa a ƙasa. Kofur ya zauna kusa da Alhaji Isyaku.

"Alhaji, na kawo maka ɓarawonka tun Juma'a ba ta zo ba. Amma sai ka ji yadda aka yi kafin ka ɗaga murya."

"Ina yake?"

"Ka ji tukuna. Maha'inci wanke kaya yake yi ya shafa fenti. Wanda ke motarka ko ƙura ba a kaɗe masa ba, kuma da robar taya aka ɗaure shi, abin da Ashafa ba zai yi ba ko da bindiga. Saboda haka ba tun farko aka saka maka tsoho ba, daga baya aka musanya. Yaushe? Daren da muka yi atishawa. Ƙarar da muka ji, mutum ne ya shigo da mota tana tafasa, yana sauri kafin mai gadi ya dawo daga shan shayi, ya murɗa murfi bai jira ta huce ba. Aljanin da Ɗalha ya gani tururi ne."

"Ni ban ce aljani ba," in ji Ɗalha.

"Kwaɗonka ba a fasa ba, ke nan makulli daga cikin gidanka ya fita ya koma. Wanda ya fito da shi ban tambaya ba, kai ma kar ka tambaya. Sai na nemi motar da ta warke a daren da taka ta kamu. Akwai gurbin da aka yi watanni ana ɗigar jan ruwa, yanzu ya bushe. Akwai mai sayen ruwa kullum da ya daina. Akwai mai cin tuwo da cokali."

Alhaji Isyaku ya bi idon Kofur har bakin ƙofa. Fuskarsa ta canza.

"Mustafa?"

Mustafa ya ƙara sunkuyar da kai har goshinsa ya kusa taɓa dokin ƙofa.

"Ni za ka yi wa sata? Na ba ka 'ya, ka rasa abin da za ka saka mini da shi sai…"

"Saboda ita ne," in ji Kofur a hankali. "Maganar asibiti ce. An ce ko da wane lokaci, kuma ba a son jinkiri. Tasa motar ba za ta kai ba. Ya ga ya fi masa sauƙi ya ƙone hannunsa da ya faɗa maka wannan da bakinsa."

Alhaji Isyaku ya kawar da kai wajen bango, kamar yadda uba yake yi in an zo kusa da irin wannan zance. Ya ciro carbi, ya mayar aljihu bai ja ba.

"Ashafa ya sani?"

"Tun a Goron Dutse. Ya gane dalmarsa."

"Ya tsaya ina zaginsa a gaban 'yan adaidaita."

"Ya tsaya."

Alhaji Isyaku ya miƙe. Bai dubi surukinsa ba, bango ya yi wa magana.

"A gaya wa wancan yaron ya bar lagireton inda yake. A kuma gaya masa in ya sake zuba wa mota barkono, ni da kaina zan kai shi wajen mai unguwa."

Ya fita, har ya manta da hularsa a kan tabarma, shi da yake sayar da huluna. Ba a daɗe ba aka jiyo muryoyi biyu suna tahowa cikin lungu.

"Sakar mini riga, Isyaku."

"Ba zan saka ba. A gaban mutane na faɗa, a gaban mutane zan janye. Gobe kuma rumfarka zan zo in zauna, duk wanda ya wuce in gaya masa."

"Ka zo ka kore mini sauran masu zuwa da wannan fuskar?"

Suka shigo, Alhaji Isyaku yana riƙe da hannun rigar Ashafa. Ya tsaya tsakiyar zaure.

"Jama'a, na kira mutumin nan maha'inci. Ƙarya na yi. Ashafa, ka yafe mini."

"Kai dai ba ka san mota ba," in ji Ashafa. "Allura tana ja kana cewa ta ga baƙi." Ya zauna a gurbinsa na kullum, ya jawo kwanon Alhaji Isyaku da aka rufe ba a ci ba, ya buɗe. "Wannan tuwon ya huce. Miƙo ruwa in wanke hannu."

Alhaji Isyaku da kansa ya zuba masa. Suka sa hannu a kwano ɗaya. Mustafa ya ja da baya a hankali, ya ɗauki takalmansa a hannun da ke da lafiya.

Ɗalha, da ke tsugune a gefe yana jiran a rage masa, ya karkata kai.

"Ni kam Alhaji, tambaya gare ni. Da yaron nan ya zo ya roƙe ka tun farko, da ka ba shi?"

Kofur ya ɗaga kai yana kallon azarar rufi. Ashafa ya gutsuri tuwo. Alhaji Isyaku ya tsoma lomarsa a miya, ya daɗe yana juya ta.